Duwatsun Roni da Gardamar Harsashi

Gardamar da ta kai ni Roni ba a ƙasar Hausa aka fara ta ba. Mafarautan Amurka da na Turai sun fi shekara ɗari suna tafka ta a mujallu da littattafai: in mutum bindiga ɗaya tak zai mallaka har ya mutu, wane harsashi ya kamata ta ci, wanda zai kayar da barewa bai ɓata nama ba, ya kuma tsayar da ƙaton naman daji in an yi kiciɓis da shi? Na daɗe ina bin wannan gardama don sha'awa kawai, domin ni ban gaji harbi ba, a gidanmu alƙalami aka sani. Wani abokina malamin makaranta, ɗan Kazaure, shi ya gaji da surutuna ya ce in shirya ya kai ni wajen kawunsa a ƙasar Roni, mutumin da ya tsufa da bindiga a kafaɗa, in yi masa tambayar da bakina. Muka sa rana bayan kaka, lokacin da aka kwashe amfanin gona, ciyawa ta bushe, hunturu ya fara leƙowa.

Daga Kano zuwa Kazaure kusan kilomita 80 ne a kan hanyar Daura, ta Dambatta.  Hanyar ba ta da abin kallo mai yawa: gonaki a share, karan dawa a tattare, kuka da gawo jefi-jefi, darbejiya a bakin kowane gari. Amma wanda ya fito da namun daji a ransa zai lura da wani abu da sauran fasinjoji ba su damu da shi ba. Tun daga Kano har Kazaure babu inda gona ta ƙare daji ya soma. Gonar wani ce ke iyaka da gonar wani.

Sai an doshi Kazaure ƙasa ke sauya kama. Tuddai masu duwatsu su taso, su kewaye garin, ga ruwan dam kwance a gefe. Masu tarihin baka sun ce maharbi ne ya fara zama a wannan kwari, wai shi Kutumbi, wanda ya taso daga wajen Dala yana bin sawun nama, wurin ya yi masa, har danginsa suka biyo shi. Masarautar ta yanzu kuwa Ɗan Tunku ne ya kafa ta wajen 1819, bayan ya taso daga Dambatta, ɗansa Dambo ya faɗaɗa ta. Ita ma bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga cikin masu tsaronsa. A arewa kuma, zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, har igwa ake ƙerawa a Zinder, ana haɗa albarushi a can. Mutanen da ke zaune tsakanin Kano da Damagaram sun san ƙarar bindiga tun kafin su ga Bature.

A Kazaure na sami abokina, muka hau babur ɗinsa muka nufi yamma. Roni hedikwatar ƙaramar hukuma ce, ɗaya daga cikin huɗun da ke masarautar Kazaure, tare da Kazaure da Gwiwa da 'Yankwashi.  Daga Roni kaɗan ya rage ka taka ƙasar Katsina. Wanda ya san Jigawa da rairayin Gumel ko fadamun Haɗeja zai yi mamakin wannan kusurwa, domin nan dutse ne da tsakuwa da jar ƙasa, hanya ta hau ta gangara, gonaki sun maƙale a gindin tuddai. Muka wuce garin kaɗan, muka saki kwalta, muka bi wata turba zuwa ƙauyen dattijon.

Mun tarar da shi a ƙofar gida yana tufkar igiya. Abokina ya durƙusa ya ce, "Kawu, ga baƙon da na gaya maka." Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen Kano da sanyi da gajiyar hanya, aka kawo fura. Sai da la'asar ta yi sanyi ya aika wani jikansa ya ɗauko bindigar. Bindigar toka ce irin wadda ake ɗurawa ta baki, doguwa, ƙotarta ta yi baƙi saboda gumin hannu, an naɗe wani wuri da fata, ga laya a ɗaure kusa da kunama. Tare da ita yaron ya kawo wata tsohuwar jakar fata da burtu, wato kan tsuntsun nan da maharbi ke ɗaurawa a goshi ya yi rarrafe yana kwaikwayon kiwonsa har ya isa kusa da nama. Ya ce burtun na mahaifinsa ne, shi kuma mahaifin da kwari da baka ya fara, da kibiya mai dafin kwankwani, sai da girma ya zo masa ya koma bindiga.

Na ce, "Baba, tambaya ce ta kawo ni, amma sai na fara ba ka labarin masu gardamar." Ya ce bismilla.

Na faɗa masa cewa bindigar da suke magana a kanta ba irin tasa ba ce. Cikin bututunta akwai tsagi a murɗe wanda ke juya harsashi in ya fita, shi ya sa yake tafiya a miƙe har nisan da ido ba ya rabe kunnen dabba da ƙahonta. Albarushi da harsashi kuma a haɗe suke zuwa cikin kwanson tagulla, kowace bindiga da irin wanda take ci, ba ta karɓar wani. Amurkawa da yawa sun tsaya a kan wanda ake kira .30-06, wanda sojojinsu suka fara amfani da shi a 1906. Hujjarsu ita ce ana samunsa da nauyi iri-iri, mara nauyi don ƙananan dabbobi, mai nauyi don manya. Wanda aka fi amfani da shi bai kai giram 12 ba, yana fita da gudun da ya haura mita 800 a daƙiƙa ɗaya, ga shi kowane kanti akwai shi. Wasu sun ce .270 Winchester na 1925 ya fi shi tafiya a miƙe, kuma bai kai shi shuri a kafaɗa ba. Wani marubuci, Jack O'Connor, ya ƙare rayuwarsa yana yabonsa. Akwai .308 Winchester na 1952, gajere, mai kusan ƙarfin na farko. Samarin yanzu kuma sun rungumi 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007.

Duk waɗannan, na ce masa, na masu harbin barewar ƙasashen sanyi ne da danginta. Da zarar an ambaci Afirka, inda akwai ɓauna da zaki da giwa, sai magana ta koma kan .375 H&H Magnum, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912. Harsashinsa mai nauyi ya kai giram 19 da ɗoriya, kuma a wasu ƙasashen, kamar Tanzaniya, doka ba ta yarda a tunkari dabba mai haɗari da abin da bai kai shi ba. Jamusawa su ma suna da nasu, 9.3x62, wanda Otto Bock ya tsara a Balin a 1905 don 'yan'uwansa da ke zaune a ƙasashen da suka mallaka a Afirka.

Dattijon ya saurare ni har na kai aya, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "To Malam, su waɗannan mutane, in sun fita neman gada suka ga garken zabi, sai su koma gida su sake bindiga?" Na ce kusan haka ne, domin harsashi ɗaya ba ya yi wa tsuntsu mai tashi. Ya yi dariya har yana buga cinya.

Ya buɗe jakar ya zazzage abin da ke ciki a kan tabarma: ƙananan ƙwayoyin darma a ƙulle a tsumma, wasu masu ɗan girma a wani ƙullin, sai dunƙule biyu-uku manya. Ya ce tasa bindigar ba ta zaɓen abinci. In zabon daji ko makwarwa zai nema, sai ya ɗura mata ƙanana masu watsuwa. In gada ce ko barewa, matsakaita. Dunƙulen kuwa na babban nama ne, irin gadu ko gwanki, kuma ya ce waɗanda nake gani sun fi jikan nan nasa shekaru, suna nan ba a sami abin da za a harba da su ba. Maharbi tun daga gida yake yanke shawarar abin da ya fita nema, domin ɗuri ɗaya gare shi, in ya saki ya saki, kafin ya sake wani daji ya watse. Ya kuma nuna mini haɗarin abin ba tare da na tambaya ba. Ya lissafa abokan sana'arsa da suka rasa yatsu saboda zarin cika albarushi ko tsufan bututu. Ya ce yawan ɗuri ba ya ƙara wa bindiga nisa, mai ita yake ci.

A nan na gane cewa abin da Turawa ke nema a harsashi ɗaya, maharbin Hausa ya same shi ta wata hanya, ya kuma biya kuɗinsa da nisa. Bindigar toka ba ta da tabbas in an wuce taku talatin ko arba'in, a lissafinsa. Saboda haka duk ilimin ya koma ƙafa da ido da hanci: sanin inda iska ke kaɗawa, sanin sawun jiya da na yau, sanin lokacin da nama ke gangarowa ruwa, da haƙurin rarrafe a kan ƙaya. Akwai kuma abin da mujallun can ba sa lissafawa. Maharbi Musulmi yana ambaton sunan Allah kafin ya ja kunama, in ya tarar da dabbar da sauran rai ya yanka. In kuwa ta gudu da rauni ta ɓace masa har ta kwana, littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya kawo maganar barin cinta. Ke nan harbin da bai kayar ba asara biyu ne, an cuci dabba, an kuma rasa nama.

Don in rama dariyar da ya yi wa mutanena, sai na ba shi labarin Bell, Baturen Sikotilan da ake yi wa laƙabi da Karamojo, wanda ya kashe giwa fiye da dubu a farkon ƙarni na ashirin, akasarinsu da wani ƙaramin harsashi, 7x57 Mauser, wanda a yau ba za a bar mutum ya tunkari giwa da shi ba. Asirinsa shi ne ya tsattsaga kawunan giwaye ya gane daidai inda ƙwaƙwalwa take, yana kuma matsawa kusa ƙwarai kafin ya harba. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce wannan maharbi ne na gaske. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Amma dubu? Ci yake yi?" Na ce haure yake sayarwa. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe," bai ƙara komai ba.

Da asuba, bayan salla, muka fita mu huɗu da jikan nasa da kare ɗaya. Sanyin dutse daban yake da na birni, yana shiga ƙashi. Muka ratsa gonaki, muka fara hawa ta wani kwazazzabo da ruwan damina ya yanka. Dattijon da jiya na ga yana tashi da ƙyar, yau shi ne a gaba, ba ka jin takunsa, mu kuwa tsakuwa sai tonon asirinmu take yi. Yana tafe yana nuna ƙasa da baki: nan zomo ya wuce, nan dila ne, wannan ramin na gafiya, wancan kashin na rema ne da ke zama a kogon dutse. Ya tsinci ƙayar beguwa ɗaya ya miƙa mini in kai wa yara. A wani gangare ya tsaya ya nuna wani fili da yanzu gonar gyaɗa ce, ya ce a nan mahaifinsa ke kwanton barewa, kuma yana yaro ba a barin awaki a waje saboda kura.

Itacen da ya rage a kan tuddan sabara ce da geza da kargo, yawancinsu tohon kututture. Ko'ina ka duba akwai sarar gatari, sabuwa da tsohuwa. Mun haɗu da mata ɗauke da itace tun rana ba ta fito sosai ba, da wani Bafulatani da shanunsa. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Mai girki tana bukatar wuta, saniya tana bukatar ciyawa. Amma wurin da ake saran itace da safe a yi kiwo da rana, babban nama ba ya kwana a cikinsa.

Wajen hantsi kare ya tada makwarwa biyu daga cikin sabara. Kafin in ɗaga kai na ji ƙara, hayaƙi fari ya turnuƙe, warin albarushi ya cika hanci. Ɗaya ta faɗi, yaron ya ruga da wuƙa. Abin da muka samo ke nan a wannan fita, kuma dattijon ya ce ba laifi, akwai ranar da ko ita ba a samu.

A hanyar dawowa na tambaye shi inda samarin maharba ke zuwa yanzu. Ya ce masu karnuka suna haɗa farautar gayya da rani, a cika mota a tafi nesa, a dawo da zomaye da rigima. Masu bindiga kuwa wasu sun zama 'yan sintiri, wasu suna tafiya kudu inda sauran kurmi yake. Bai ambaci Uromi ba sai da na ambata, inda a ƙarshen watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan jihar Kano a jihar Edo, suna hanyar komawa gida salla daga Fatakwal, bayan an ga bindigogin toka a motar da suka hau. Ya ce labarin ya iso su a rediyo, kuma tun daga ranar ya hana 'ya'yansa fita da bindiga ko da zuwa kasuwar ƙauye. Babban naman da ya rage a Arewa yana wuraren da aka killace ne, irin Yankari ta Bauci, wadda aka keɓe tun 1956, inda har yanzu ake da giwa da ɓauna da gwanki, kuma harbi a can laifi ne. A Jigawa abin da aka fi sani shi ne tsuntsayen Baturiya a fadamun Haɗeja. Raƙumin dawa kuwa an fi samunsa a Kure ta Nijar, kusa da Yamai.

Akwai kuma doka, wadda masu sha'awar gardamar nan daga nesa kan manta. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na farko haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa, kuma a cikinsu ta lissafa bindigogin soja masu faɗin baki 7.62 da .300 da .303. Na biyu su ne irin bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu da bindigogin farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, irin ta dattijon, waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Su .30-06 da .308 da ake ta yabo, faɗin bakinsu ɗaya ne da na sojan da aka ambata, don haka wanda ya ɗauko zancensu a nan ya san da wa zai yi magana. Tun 1963 kuma Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji, aka ƙara da ta tarayya a 1985 kan dabbobin da ke neman ƙarewa.

Da aka gasa makwarwar aka raba ta, kowa ya sami abin taɓa baki, muka yi sallama. Ya ba ni gyaɗa a ƙullin leda, ya ce in gaida masu gardama.

In aka tsare ni sai na zaɓa, ga inda na tsaya. A ƙasar da babu dabba mai haɗari, .30-06 ya isa, kuma bambancinsa da abokan takararsa bai kai yawan tawadar da aka ɓata a kansa ba. A dajin da ɓauna ke ciki, .375 H&H ne, in kafaɗar mutum za ta ɗauki shurinsa; in ba za ta ɗauka ba, ƙaramin da zai saita daidai ya fi masa babban da yake rufe ido kafin ya harba. A ƙasar Roni kuwa babu ɗayansu da ke da aikin yi. Abin da ya rage a duwatsun nan, bindigar toka mai lasisi ta ishe shi har ta yi yawa.

Kirana ga ƙaramar hukumar Roni da masarautar Kazaure da ma'aikatar muhalli ta Jigawa shi ne a zaɓi ko da tudu ɗaya ne daga cikin waɗannan, a hana sara da harbi a kansa na wasu shekaru, a kuma damƙa tsaronsa a hannun tsofaffin maharban yankin da sarakunan bakansu, a riƙa biyansu. Su suka san kowane kogo da kowace turba, kuma yawancinsu sun haura sittin.